Yadda Na Kai Baba Salifu Gida

Tun da na dawo daga Burkina ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce Tanko yaya hanya, wancan ya ce da gaske ne matansu duk a kan babur suke. Awudu kuwa, da yake ta neman sayen fikof tun kansa da sauran gashi, tambayarsa ɗaya ce kullum: mai dizal ko mai fetur? To ga shi na zauna zan faɗa sau ɗaya, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Amma ku sani ba labarin dariya ba ne, ko da kun saba in na buɗe baki sai an yi.

Kun san Baba Salifu na Moshi Zango, nan Kumasi, tsohon nan da ya yi gadin shagunan katako har ƙafafunsa suka ƙi. Da ciwonsa ya yi nauyi aka kwantar da shi a babban asibitin Bantama. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, daga baya suka kira 'yarsa Adiza, mai sayar da koko, suka ce ta kai shi gida ya huta. Kowa ya san ma'anar wannan hutun, shi ma ya sani. Sai ya ce to in gida ne, ba Moshi Zango ba, ƙauyensu na bayan Manga, can Burkina. Yana da yaya mace a can, makauniya, su biyu suka rage cikin 'yan ɗakinsu, rabonsa da ita tun Adiza tana goye. Bai nemi kome ba sai ya ji muryarta, ita ma ta ji tasa.

Adiza ta same ni ta ce, "Yaya Tanko, kai ka san hanya." Na sani kuwa. Na je Yamai, na je Gawo, na je Abijan, duk a cikin tsohuwar fikof ɗina mai fetur da kuke wa ba'a. Sai dai ita gidanta ɗaya ne, ba wurin kwantar da mara lafiya, ga ta da zafi in ta yi nisa. Alhaji Inusa mai shanu ya ji labari ya aiko mini da makullin tasa, mai dizal, mai gida biyu, ya ce amma sai na biya ta Magazin, unguwar makanikai, wurin fitansa mai gyara masa ita, ya yi mini bayani.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ni da na fara tuƙi tun kafin Alhaji ya san hannun da ake juya sitiyari.

Fitan, Masta Kwabena, ɗan gajere ne mai Hausar da ba ruwanta da mace ko namiji. Ya buɗe bonet, ya kira ni kawu da yarensu, ya ce, "Wofa, wannan mota ba irin naka ba ne. Naka yana ci kome kamar akuya. Wannan, Bature ne, cikinsa ba ya so datti."

Ya jera mini. In ka murɗa makulli ka jira wutar hita ta mutu kafin ka yi kik. Kada ka bar tanki ya yi ƙasa, don in ta shaƙi iska ba za ta tashi ba sai an fitar da iskar. Baƙin manta ya fi na mai fetur yawa, kuma juyensa ba ya jira. Ba fulogi, ba kafireta, ba kwayil, duk abubuwan da na ƙware a kansu babu ko ɗaya. Sai ya nuna mini filtar mai, da ɗan kofi a ƙarƙashinta mai ƙaramin famfon roba. Ya ce nan ruwa yake taruwa, kowace safiya in murɗa in zubar. In wata 'yar wuta ta kama a gabana tana ƙara, in tsaya nan take.

"Mai fetur in ya sha ruwa, tari kawai," in ji shi. "Wannan in ya sha ruwa, jana'iza. Kada ka sa mai na kowa, sai na gidan mai."

Ya ba ni sabuwar filta a kwali. Na ce yoo Masta, na gode, a raina ina cewa yaron nan da surutu yake.

Ran tafiya bayan sallar asuba unguwa ta fito. Kun san halinmu, ba a barin matafiyi irin wannan ya tafi hannu wofi, kuma abin da aka miƙo ba a mayarwa. Wata ta kawo gari, wata sabulu, wani ya kawo farin yadi ya cusa wa Adiza a ɓoye don kada tsoho ya gani. Sai ga Issaka mai injin niƙa, abokin Baba tun suna samari, yana jan ƙafa, an biyo shi da jarkoki biyu. Ya ce ba shi da abin bayarwa sai wannan, dizal ne daga duron da yake ajiye wa injinsa, ya karkata duron ya tatse shi tas. Duron nan a tsakar gida yake, damina ta yi ta dukansa. Na sani, na sha zama a kansa.

Ina roƙonku kada wani ya je ya tsare tsoho Issaka da tambaya. Mun riga mun yi maganar ni da shi, kuma laifin ba nasa ba ne.

Muka shimfiɗa wa Baba katifa a kujerar baya, Adiza ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta. Na koma gida a guje na ɗauko jakar kayan aikina, wadda ba na tafiya sai da ita, muka kama hanya.

Gaskiya motar ta burge ni. Hawan Techiman da tawa take yi tana nishi ina lallashinta, wannan ta haye ko giya ban sauya ba. Muka wuce Kintampo allurar mai da ƙyar ta motsa. Da tawa ce da na riga na shiga gidan mai na fito ina tsaki. A nan muka tsaya na sayi soyayyar doya da yaji, Adiza ta ci biyu don na matsa mata, Baba ya tsotsi lemo ya ce ya ƙoshi.

"Direba," ya ce, haka yake kirana, "wannan motar ta fi taka kunya. Taka tun daga kwana ake jin zuwanta, yara su gudu."

Na ce, "Baba, ai sanarwa take yi, don mata su kwashe shanya."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Daga nan na rage ba'a na ƙara gudu.

Bayan Buipe aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Nan ma na yaba mata. Tawa in ruwa ya taɓa kwayil sai ta mutu a tsakiyar titi, in fito da tsumma ina goge wayoyi. Wannan ko a jikinta.

Mun shiga Tamale da la'asar, muka sauka gidan ƙanen Alhaji Inusa, wani dogo mara magana da ke saukar da fataken shanu. Ɗakin baƙinsa warin igiya da man shafawa yake, amma a share. Matarsa ta yi tuwon zafi da miyar ayoyo, ta dama wa Baba koko mai ruwa-ruwa, ya sha cokali huɗu. Dagombawa kuwa, gaisuwarsu sai mai lafiyar gwiwa. Ana durƙusawa ana "naa, naa" kamar ba za a tashi ba. Mu a Zango kana tafiya kana jefa "sannu" ta bayan kafaɗa, har ka kai kwana ba ka ji amsar ba.

Da asuba na shiga duba Baba na ga fuskarsa ta faɗa, ƙafafun sun ƙara kumbura. Maigidan ya dube shi, ya ja ni waje ya ce, "Kada ka tsaya karin kumallo." Ban tsaya ba. Ban kuma buɗe bonet na murɗa ɗan famfon da Masta ya nuna mini ba. Na dai jira wutar hita, wannan kam na tuna.

Walewale, Bolga, duk a guje. A Paga, bakin iyaka, muka iske layin manyan motoci, amma da ma'aikatan suka leƙa suka ga wanda ke kwance sai suka sa mu gaba. Abin da ya ci lokaci takardun mota ne, tunda ba sunana ke kansu ba, sai da aka kira Alhaji a waya ya yi magana da bakinsa. A ɓangaren Burkina jami'in ya fara sara mini tukuna, kamar ni ne babbansa, sannan ya nemi takardu ɗaya bayan ɗaya, ya karanta kowace har bayanta. Na kwaso Faransancina na Abijan na zuba masa. Ya saurara da haƙuri har na gama, sai ya ce mini da Hausa garau, "Alhaji, yi magana da Hausa, za mu fi sauri." Adiza ta yi dariyarta ta farko tun Kumasi.

Eh, matansu a kan babur suke, da keke, da goyo, da kaya a ka. Burodinsu dogo ne kamar sanda, in ka bari ya kwana za ka iya korar kare da shi. Kuma da rana ta take sai a rufe wurare a tafi hutu, abin da a Kumasi za a ce maka ciwo ne.

Mun shiga Po wajen sha ɗaya da rabi, allura ta sauka ƙasa da kwata. Ga gidan mai a buɗe, na sa sigina zan shiga. Sai na ji murya daga baya, ƙasa-ƙasa.

"Direba, ka zuba man Issaka?"

Na ce tukuna, Baba.

"Zuba. Da man abokina nake so in shiga gida."

Maganar Masta ta zo mini, ba zan ce ba ta zo ba. Amma na tuna irin abin da na ɗura wa tawa a hanyar Gawo, fetur na kwalba mai launin shayi, ta yi tari biyu ta wuce. Na ce a raina mai ai mai ne. Kuma ku gaya mini, wane ne a cikinku zai juya ya ce wa mutumin da ke wannan hali man abokinka bai yi ba? Na sauke jarkokin na juye su duka biyun, har ɗigon ƙarshe, ko tsumma ban sa na tace ba. Na ce Baba an zuba. Ya ce madalla, ya rufe ido.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa lafiya. Muna dab da Nobere 'yar wutar ta kama, da ƙara, tsit-tsit-tsit. Adiza ta ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Na ce, "Gaisuwa take yi, ta ga ƙasar baƙi."

Ku da kuka shiga motata kun san akwai wutar da ta kama tun shekaru, na manna mata sitika mai addu'ar tafiya na huta. A wurina wutar gaban mota ado ce. Na ƙara taka totur don mu isa kafin ta yi wani abu.

Mun karya kwana muka ɗauki hanyar Manga, daga nan muka sauka kan jar ƙasa wadda Baba ya kwatanta. Nan ta fara shaƙewa. Ta yi farin hayaƙi, ta ja, ta saki, ta ja, ta mutu a gindin wata ɗorawa. Azahar ta yi.

Na fito da ƙarfin gwiwata, na buɗe jakar kayan aiki. Fulogi huɗu. Sandfefa ta goge fulogi. Kwayil. Ɗan tiyo da nake zuƙo fetur in tofa a kafireta. Kayan da suka fitar da ni daga daji sau ba adadi, ga su a hannuna, ba ɗaya da ke da wurin shiga a jikin wannan motar. Filtar Masta kuwa tana Kumasi a kan bencin ƙofar gidana, inda na ajiye ta don in ɗauki jakar.

Sai na yi abin da mai fetur yake yi. Na yi ta kik. Ta yi kamar za ta kama, in ce yawwa, ta saki. Ashe kowane kik ƙara tura ruwan nake cikin babban famfon injin.

Ana cikin haka wani mai babur mai ƙafa uku, irin wanda muke kira aboboya, ya tsaya. Adiza tana jin Moshanci, suka yi magana. Ya ce ya san ƙauyen, ba nisa, a shimfiɗa katifar a bayansa ya kai su a hankali. Adiza ta dube ni. Na dubi bayan babur ɗin, ƙarfe ne tsirara, ga rana, ga ramuka. Na ce, "Kada a wahalar da tsoho. Minti goma ta tashi."

Ta ce, "Yaya, ka tabbata?"

Na ce, "Ni ne fa, Adiza."

Mutumin ya ɗan jira, ya yi mana fatan alheri ya tafi. Cikin duk abin da na yi a tafiyar nan, wannan ne yake dawo mini in na zauna ni kaɗai. Man Issaka kowa zai iya zubawa. Wannan kuwa girman kai ne kawai.

Minti goma ta zama awa. Batir ya fara ja da ƙyar, ya koma ƙyat-ƙyat, ya yi shiru. Motar ta yi zafi, muka sauko da Baba da katifarsa inuwar ɗorawar. Masu dawowa daga gona suka taru. Abin da na lura, kafin kowa ya tambaye mu daga ina, sai da wata ta kawo ruwan gari a ƙwarya ta durƙusa ta miƙa. Mu da mun fara da tambayar me ya sami motar, kowa ya kawo shawararsa. Aka kira mai gyaran babur, ya leƙa injin, ya nemi fulogi bai gani ba, ya ɗaga hannu ya ce wannan sai Madam.

Madam ɗin mai injin niƙan ƙauyen gaba ce, wata ƙaƙƙarfa, hannunta fari da gari har gwiwa. Ta taɓa zama a Aboabo ta Kumasi, tana jin Hausa. Ta zo a keke da sifana biyu ɗaure a zani. Ba ta tambaye ni kome ba. Ta sa hannu ƙarƙashin filta ta murɗa ɗan famfon robar, ta tara kwalba. Ta ɗaga kwalbar a rana ta nuna mini: dizal kaɗan a sama, sauran duk ruwa, da baƙin laka a ƙasa.

"Wuta ba ta kama ba?"

Na ce ta kama.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Da ta zage ni da ya fi mini.

Ta ce sai an zubar da tankin duka. Ta shiga ƙarƙashin mota da kanta, ta kwance, aka tara robobi. Ta cire filtar ta wanke da dizal mai kyau tunda ba sabuwa, ta aika aka kawo jarka daga wurin injinta, ta tace da ƙyalle ninki biyu. Ta ce ita duronta a ɗaki yake, a kan dutse, kuma ba ta taɓa ɗiban na ƙasa, don ruwa ya fi dizal nauyi, can yake kwanciya. Sannan ta sassauta wani ƙaramin noti ta ce in yi ta danna famfon hannu da ke kan filta har kumfa ta daina fita. Ni da na zaga ƙasashe, ga ni ina danna famfo ana ce mini "ƙara, ƙara."

Na aika a nemo mai aboboyan nan, aka ce ya wuce kasuwar Manga.

Ina cikin dannawa Adiza ta kira ni. Ba da ƙarfi ba. Na je na durƙusa. Baba ya buɗe ido ya ce, "Direba, mun iso?"

Na ce saura kaɗan, Baba.

Ya ce wani abu da Moshanci, Adiza ta amsa masa. Ta fara yi masa kalmar shahada, leɓensa yana bi. Wani dattijo cikin manoman ya matso ya kama. Kafin a kira la'asar Allah ya karɓi abinsa. Adiza ta shafe idanunsa, ta ja mayafinta ta rufe shi, sannan ta juya mana baya.

Madam ta tsaya da aiki har aka yi addu'a. Sai ta koma ta sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure, ta ce a tura. Maza shida suka tura, na saki kulochi. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama, tana bugawa lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Ban taɓa jin ƙarar da na tsana kamar wannan ba.

Daga ɗorawar zuwa ƙofar gidansu na duba agogo. Minti goma sha takwas.

Sun ji labari kafin mu iso. An share tsakar gida tun safe, an yanka zabi, an dama fura don baƙo, sai ga shi abin ya koma na zaman makoki. Farin yadin Moshi Zango ya yi amfani. Aka yi masa wanka aka sallace shi aka rufe kafin rana ta faɗi, kusa da mahaifinsa. Kafin a ɗauke shi aka kawo yayar tasa, 'yar ƙaramar tsohuwa, ana riƙe da hannunta. Ta shafa fuskarsa tun daga goshi har gemu, ta yi masa magana a hankali, ta daɗe, kamar mai ba da labari. Ba wanda ya fassara mini, ban kuma nema ba.

Da safe zan kama hanya, Adiza za ta zauna sai an yi addu'ar bakwai. Tun jiya ba ta yi mini magana ba sai "sannu" da "ga ruwa." Tsohuwar ta sa aka kira ni. Jikanta, wani malamin makaranta mai jin Hausa, shi ya yi mana tafinta. Ta tambayi sunana da na mahaifina. Ta ce ya ci abinci a hanya? Na ce ya sha koko a Tamale. Ta ce a ina ya tsaya? Na kwatanta mata, ɗorawa babba bayan wata 'yar gada, ga fili ta hannun dama.

Ta tafa hannu sau ɗaya ta yi magana. Malamin ya ce, "Ta ce ai wannan gonar babansu ce. A gindin ɗorawar nan suke cin abinci suna yara in an je noma. Ta ce ka kawo shi gida, a ƙasarsu ya cika, kada ka sa kome a ranka."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na yi hamdala, na yi godiya, na fito.

Malamin ya rako ni wurin mota. Ina buɗe ƙofa na ce masa in na wuce zan tsaya a gonar in yi wa Baba addu'a. Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Alhaji, ka tsaya ka yi addu'arka, tana da kyau. Amma gonarmu tana bayan gari, ta wancan gefen. Can inda kuka tsaya ƙasar wasu ce, ba mu taɓa noma a wurin ba."

Na ce to me ya sa ta ce haka?

Ya ce, "Ba ta gani, amma tana ji. Ta ce tun da ka shigo take jin yadda kake numfashi."

Na rufe ƙofar motar na koma cikin gidan. Ban ce mata kome a kai ba. Na durƙusa a gabanta na ce zan tafi. Ta laluba ta kama kaina da hannu biyu ta fara sa mini albarka da Moshanci, doguwa, ban ji ko kalma ɗaya ba, ina ta cewa amin.